Kifi a Bahon Wanka

Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina kai wa Madam Ludmila kifi da ransa.
Ba tarwaɗa ba, ba karfasa ba,
wani mai faɗin ɓawo da nake saro mata daga Panyam
cikin jarkar da aka yanke wa baki,
ruwa na jiƙa mini wando tun daga tasha
har ƙofar gidanta a Anglo-Jos.

Kwana biyu yake yi a bahon wankanta,
ita kuwa ta koma wanka da bokiti.
Na ce, Madam, baƙo ne ko cefane?
Ta ce, Sallau, a Sulobakiya duka biyun ne.

Hausarta ta kasuwar Farin Gada ce,
ta iya taya kabeji har mai kaya ya rantse.
Tun Nuwamba take yanka shi, ta danne da gishiri da dutse,
ya yi tsami kamar maganar da aka daɗe ana haɗiyewa.
Marigayi Injiniya Dalyop ne ya kawo ta daga makaranta,
ya riga ta tafiya, ta ƙi komawa.
Ta ce ƙasusuwanta sun saba da sanyin nan,
sanyin da bai iya fari ba.

Bana, jajibirin Kirsimeti,
ta hana ni juyawa daga bakin ƙofa.
Tun safe ba ta sa komai a baki ba,
tana tsaye a baranda, ido a sama.
Mu wata muke nema, ita tauraro.
Da ya leƙo ta saman duwatsu
sai ta tafa hannu kamar yarinya.

A waje gari ya ɗauka:
matan zumunta na gwajin waƙa da tulu da kacau-kacau,
yara na harba wuta a kwararo,
tela bai gama ɗinki ba, ana zaginsa da murmushi,
akuya na kuka don ta ji ƙanshin albasa.
Ta ce, a garinmu daren nan shiru ne,
har ka ji saukar ƙanƙara a kan rufi.
Shekarar farko na ɗauka faɗa ake yi, na kashe fitila.
Yanzu in ba su yi ihu ba, barci ba ya zuwa.

Faranti huɗu a tebur, mu uku ne da jikarta Kangyang.
Na ce, wa ake jira?
Ta ce, wanda hanya ta kawo.
Shekara da shekaru ina ajiye shi babu kowa,
ashe yana tsaye a ƙofa da jarka.
Ta tura mini farantin. Ta ɗauke na huɗun,
ta yi jim, ta sake mayar da shi.

Zuma da tafarnuwa a kan wani waina-waina siriri.
Na yi bisimilla, ta yi tata addu'ar,
Kangyang ta ce amin ga dukanmu.
Aka raba tuffa a tsakiya:
in tauraro ya fito a ciki, shekara ta lafiya ce.
Tsutsa muka tarar.
Madam ta yi dariya har da hawaye,
ta ce, miƙo wata, wannan ba ta ji Hausa ba.

Da zan tafi ta naɗe ɓawon kifi ɗaya a takarda,
wai a sa a aljihu, kuɗi ba za su yanke ba.
Ni da nake share irinsa da tsintsiya kullum!
Arziki na Allah ne, na sani.
Amma ga shi nan bayan katin shaidata,
ya bushe, yana ɗan ƙarni,
kuma ban jefar ba.